Daga Zafin Murhu Zuwa Hasken Lantarki: Ina Rabon Ƙasar Funtuwa?



Sa'ad da aka nemi mu yi wannan jawabi, sharaɗi ɗaya aka gindaya mana, watau mu zaɓi batun da ya shafi ilmin kimiyya kuma ya taɓa gida. To, mu 'yan ƙasar Funtuwa ne, don haka daga can za mu ɗauko zancen, ko da yake kafin mu sauke shi sai ya kai mu Jamus da Rasha da Amurka.

Duk wanda ya taɓa yin sammako a Funtuwa ya san garin da wuta yake wayar gari. Tun kafin assalatu masu gidajen burodi sun hura tanda, mai shayi a tasha ya ɗora tukunya, mai ƙosai ta zuba mai a kasko. In aka nausa ƙauyuka wajen Bakori da Ɗandume, ga mata suna turara shinkafa a manyan tukwane. A ƙasar Ɗanja, lokacin rake, masu mazarƙwaila kan wuni suna iza wuta. Cikin gari kuwa janareta na kuka a bakin shagon mai walda da mai niƙa da mai aski, salansarsa ta yi zafin da ba mai iya taɓa ta. Amma da magariba ta yi, a yawancin waɗannan ƙauyuka duhu ne ke sauka, ɗan makaranta ya rasa hasken da zai duba littafi, manomi ya aika yaro da wayarsa wurin mai caji. Mun ga nauyin wannan a shekarar 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da sana'ar cajin waya a ƙananan hukumomi da dama saboda sha'anin tsaro. A nan ne mutane da yawa suka gane cewa gida guda cike da wayoyi ba shi da hanyar cika ko ɗaya daga cikinsu da kansa.

Bari mu yi ɗan lissafi, gama shi ne tushen maganar. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da zafin da ya kai kimanin yunit huɗu, irin yunit ɗin nan da mitar lantarki ke ƙirgawa. Murhunmu na duwatsu uku kuwa, abin da yake kai wa tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, saura duk iska ke kwashewa. A ce uwargida ta ƙona kilo biyar a yini: yunit ashirin ke nan, uku sun dafa tuwo da miya, goma sha bakwai sun bi hayaƙi. Alhali kuwa yunit ɗaya tak ya isa ya cika batirin babbar waya wajen sau hamsin. Tambayar da za mu yi ta juyawa a wannan zama ita ce, shin akwai dabarar da za a tsinci ko da ɗan kaɗan ne daga wannan zafi da ke zubewa, a mai da shi lantarki, ba tare da inji ko fetur ba?

Akwai, kuma ba sabuwa ba ce. A shekarar 1821 wani masani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya haɗa ƙarafa biyu mabambanta ya yi zobe da su, ya ɗumama mahaɗa ɗaya ya bar ɗayar da sanyinta, sai ya ga allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Shi a zatonsa maganaɗisu ya gano, sai daga baya aka tabbatar lantarki ne ke zagaya zoben. A 1834 kuma wani Bafaranshe mai suna Jean Peltier, wanda asalin sana'arsa agogo ce, ya gano kishiyar wannan: in aka tura lantarki ta irin wannan mahaɗa, gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗayan ya yi zafi. Waɗansu ƙananan na'urorin sanyaya ruwa da ake gani a ofisoshi da wannan suke aiki.

Dalilin abin ba shi da wuyar fahimta. A cikin kowane abu mai ɗaukar lantarki akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu da ake kira ilektaron, su ne ke ɗauke da wutar. In aka zafafa kan sanda ɗaya, ilektaron ɗin wannan gefe sai su yi ta kai-komo da ƙarfi, su riƙa gangarawa gefen sanyi, kamar yadda 'yan kasuwa ke barin rana su taru a inuwa. Taruwarsu a gefe ɗaya ita ce ke haifar da ƙarfin lantarki. Sai dai a ƙarfe irin su jan ƙarfe wannan ƙarfi ƙanƙane ne ƙwarai, don haka aka yi fiye da shekara ɗari galibin amfanin da ake yi da binciken Seebeck wajen auna zafi ne.

Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Abram Ioffe, wani malamin kimiyya na birnin Leningirad a tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Shi ya nuna cewa ba ƙarfe ya kamata a nema ba, sai waɗansu ma'adinai da ke tsaka-tsaki, ba su kai ƙarfe ɗaukar lantarki ba, ba su kuma toshe shi kamar gilashi ko yumɓu. Su ake kira semikondakta, kuma da irinsu ake yin farantin sola da ƙwaƙwalwar waya. Kada sunan ya firgita mu. Tozalin dutse da iyayenmu mata ke saye a kasuwa sau da yawa haɗin dalma ne da farar wuta, kuma shi ma ɗan wannan dangi ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mayaƙan sunƙuru na Rasha sun yi amfani da wata tukunya da aka jera irin waɗannan ma'adinai a gindinta: a zuba ruwa, a ɗora kan wuta, ta ba rediyonsu lantarki. A shekarun 1950 kuma aka ƙera wata na'ura da ake kifawa a kan fitilar kananzir, tana ba da wat uku ko kusa da haka, mutanen karkarar da lantarki bai kai ba suna sauraron rediyo da ita. Mu da muka tashi muka tarar da fitilar ƙwai a ɗakunan kakanninmu, wannan labari ya kamata ya tsaya mana a rai.

A 1954 wani Bature a Ingila, Julian Goldsmid, ya nuna fifikon haɗin ma'adinai biyu, bismut da teluriyam, kuma har yanzu da shi ake yin galibin 'yan farantan da ke kasuwa. Ɗan farantin nan faɗinsa santimita huɗu ne, tsawonsa huɗu, bai kai kwalin ashana kauri ba. A cikinsa akan jera tagwayen 'yan sanduna 127. Kowane tagwai iri biyu ne, ɗaya ilektaron ke gudu a cikinsa, ɗayan kuwa guraben da ilektaron suka bari ne ke tafiya, kuma da aka haɗa su ƙarfinsu taruwa yake yi. In bambancin zafi tsakanin fuskokin farantin ya kai digiri 100, zai nuna kimanin bolt biyar, ya ragu zuwa rabi in an ɗora masa aiki. Ba abin da ke juyawa a ciki, ba mai, ba ƙara. Wannan ne ya sa Amurkawa suka dogara da dabarar a kumbunan Voyager guda biyu da suka harba a 1977, inda zafin sinadarin fulutoniyam ke ba kowane kumbo wajen wat 470 a farkon tafiya, kuma har shekarar 2025 suna aiko da saƙo daga nesan da hasken rana ba ya amfanar farantin sola.

To, in haka ne, me ya hana a manna shi a kowane murhu? Rowa ce ta hana. Abin nan marowaci ne. Motar bincike ta Curiosity da ta sauka a duniyar Mas a 2012 tana samun zafi na wat 2,000, amma lantarkin da take tatsa wat 110 ne kacal, bai kai kashi 6 cikin ɗari ba. Farantin kasuwa ma kashi 5 ne ko ƙasa da haka.

Asalin rowar kuwa shi ne ana neman halaye uku a jikin abu ɗaya, kuma halayen kishiyoyin juna ne. Ana so ya ba da ƙarfin lantarki mai yawa a kan kowane digiri, ana so lantarki ya ratsa shi cikin sauƙi, sa'an nan ana so ya hana zafi wucewa, domin in zafi ya tsallaka gefen sanyi, fuskokin biyu suka daidaita, aiki ya tsaya. Jan ƙarfe yana barin lantarki ya wuce, amma zafi ma wucewa yake yi. Yumɓu yana tare zafi, amma yana tare lantarki. In ka gyara ɗaya, ɗayan ya ɓaci. Masana sun dunƙule halayen uku a ma'auni ɗaya da suke kira ZT, kuma daga shekarun 1950 har zuwa na 1990 wannan ma'auni ya cije a kan 1, ya ƙi gaba. Don mu ga ma'anarsa, a ce fuskar zafi tana digiri 230, ta sanyi tana 30. Mai ZT na 1 zai mai da kashi 8 cikin ɗari na zafin lantarki, mai 2 ya ba da 12 da ɗoriya, mai 3 ya ba da 15. Ku lura, ninka ma'aunin sau uku bai ko ninka amfanin sau biyu ba.

A nan ne maganar nano ta shigo, kuma ita ce zuciyar wannan jawabi. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Silin gashin mutum kaurinsa ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari. A 1993 Farfesa Mildred Dresselhaus ta jami'ar MIT a Amurka, tare da ɗalibinta Lyndon Hicks, suka nuna a lissafi cewa in aka sarrafa ma'adini a wannan ƙanƙanta, ana iya raba kishiyoyin nan. Da aka shiga gwaji, sai ya zamana babbar ribar ta fito ne daga tare zafi. Ga yadda abin yake. A cikin semikondakta, akasarin zafi ba ilektaron ke ɗaukarsa ba, girgizar ƙwayoyin zarra ce ke miƙa shi daga wannan zuwa waccan, kamar yadda ake miƙa kwanon ƙasa hannu da hannu wajen aikin gayya. Wannan girgiza takan yi dogon zango kafin ta ci karo da wani abu, ilektaron kuwa gajeren taki gare shi. Saboda haka in aka cika cikin ma'adinin da shingaye, tazararsu ta gaza zangon girgizar amma ta fi takin ilektaron, sai girgizar ta yi ta tuntuɓe, ilektaron kuwa ya wuce kusan bai san da su ba. Aikin rariya ke nan, gari ya wuce, tsaki ya tsaya.

Yaya ake kafa shingayen? Hanya ɗaya za ta ba ku mamaki don sauƙinta a baki. A 2008 masu bincike na Kwalejin Boston da MIT suka ɗauki tsohon haɗin nan na bismut da antimoni da teluriyam, suka niƙe shi a wani inji mai ƙwallayen ƙarfe har ya koma gari mai ƙwayoyin nano, sa'an nan suka matse garin da zafi ya dunƙule. Duk 'yar da ta taɓa taya uwarta yin ƙuli-ƙuli ta san niƙa da matsa da dunƙulawa. Iyakokin da ke tsakanin ƙwayoyin garin su suka zama shingaye, ZT ya tashi daga 1 zuwa 1.4 a zafin digiri 100. Hanya ta biyu ita ce a watsa ɗigo-ɗigon wani ma'adini dabam a cikin uwar ma'adinin, kamar riɗi a cikin kantu. Wannan shi ne ainihin abin da ake nufi da haɗin nano. Da irin wannan dabara rukunin Farfesa Mercouri Kanatzidis na Jami'ar Northwestern ya kai 2.2 a shekarar 2012, da haɗin dalma da teluriyam. A 2014 suka sami 2.6 da haɗin kuza da seleniyam, a 2021 kuma, tare da abokan aikinsu na Koriya ta Kudu, aka ba da rahoton 3.1 da wannan haɗi.

Yanzu sai mu yi hattara, gama nan ne mai jawabi kan ruɗi masu sauraro. Waɗannan manyan lambobi a ɗakin gwaji aka same su, a kan 'yan gutsattsari, kuma a zafin da ya haura digiri 500. Tsakanin gutsure a ɗakin gwaji da farantin da zai shekara biyar a jikin murhu akwai tafiya mai nisa. Kamfanonin mota irin su BMW da Ford sun gwada ɗaura na'urar a salansa, amma ba ta shiga motocin kasuwa ba. Teluriyam kuwa ƙarancinsa a ƙasa ya yi kusa da na zinariya, kuma a gefen tace jan ƙarfe ake samunsa. Dalma kuma, mu a wannan yanki ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kanta. A 2010 gubarta ta hallaka yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara, maƙwabtanmu na yamma. A ra'ayinmu, duk na'urar da za ta zauna a madafa kusa da abinci da yara, bai kamata a sa dalma a cikinta ba, komai kyan lambarta.

Haka nan dole mu faɗi gaskiya game da sola. Farantin sola yana mai da kimanin kashi 20 cikin ɗari na hasken rana lantarki, ya yi araha, ana sayar da shi a kasuwar Funtuwa da ta Malumfashi, kuma rana ba ta yi mana rowa ba. Wanda ya hura wuta musamman don ya sami lantarki ta farantin zafi ya yi asarar itace, ga shi kuwa dazuzzukanmu sun riga sun sha gatari. Gurbin wannan na'ura ƙarami ne: inda wuta take ci ko da ita ko ba ita. Tandar burodi da ke aiki da tsakar dare, tukunyar mai shayi, murhun mai tsire, kaskon mazarƙwaila, salansar injin ban-ruwa a fadama. A watan Agusta da hadari kan rufe sama kwana da kwanaki, da lokacin da ƙurar hunturu ke dusashe rana, murhu bai fasa ci ba. Faranti ɗaya mai ba da wat uku zuwa biyar, in ya yi awa biyu a jikin murhu, ya isa ya cika ƙaramar waya, ya bar abin da zai kunna fitilar LED har yaro ya gama aikin gida. Ba zai ja injin niƙa ba, balle masaƙar Funtuwa, kuma duk wanda ya ce muku zai ja, ku tambaye shi lissafinsa.

An gwada wannan a Afirka. Masu bincike daga Kwalejin Trinity ta Dublin sun ɗaura irin farantin a murhun yumɓu, suka raba wa gidaje a gundumar Balaka ta ƙasar Malawi a farkon shekarun 2010, mutane suka riƙa cajin waya da fitila da shi. Kamfanin BioLite na Amurka ma ya fitar da murhu mai cajin waya a 2012. Duk mai wannan aiki da matsala guda yake fama, kuma ba ta zafi ba ce, ta sanyi ce. Samun zafi a murhu ba wuya, har yakan yi yawa, domin harshen wutar itace ya haura digiri 600, farantin bismut kuwa in ya wuce 300 lalacewa yake yi. Wuyar ita ce a riƙe ɗaya fuskar da sanyi, musamman a bazararmu da inuwa kanta kan kai digiri 40. A nan muna ganin muna da abin cewa. Randa da tulu sun daɗe suna sanyaya mana ruwa ta hanyar tsattsafowa, kuma da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya a Jigawa har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Me zai hana maginan tukwanenmu su gina murhu mai aljihun ruwa a gefe, farantin ya zauna tsakanin wuta da ruwan? Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wuta, uwargida kuma ta sami ruwan zafi a kan kari.

Game da ma'adinan kansu, akwai abu biyu da suka ja hankalinmu. Na farko kuza, wadda aka fi shekara ɗari ana haƙa a tsaunukan Jos. Na biyu ya fi kusa da gida, shi ne ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan casa ana cinna masa wuta. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, tokar kuwa galibinta silika ce, uwar silikon. Shi silikon a dunƙule ba ya wannan aiki, domin zafi na ratsa shi a guje, ZT ɗinsa wajen 0.01 ne. Amma a 2008 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka mai da shi siraran zaruruwan nano, ma'aunin ya tashi zuwa 0.6. Waɗansu kuma sun nuna ana iya fitar da silikon mai ƙwayoyin nano daga tokar ɓuntu, ko da yake su don batir suka yi. Ba mu ce gobe za a yi farantin zafi da ɓuntun Ɗandume ba, tsarkin da ake bukata ba na wasa ba ne. Abin da muke cewa shi ne, ɗalibin kimiyyar sinadarai da ke neman batun bincikensa na shekarar ƙarshe ba sai ya kwafo na wata ƙasa ba.

Ƙasar Funtuwa ta saba karɓar sabon abu daga waje. Turawan kamfanin BCGA sun kafa injin gurzar auduga, jirgin ƙasa ya ratsa ta kan hanyarsa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, a tsakiyar shekarun 1970 kuma Bankin Duniya ya zaɓe ta, tare da Gusau da Gombe, don shirin bunƙasa aikin gona na farko. Duk waɗannan a shirye aka kawo su, namu karɓa ne. Wannan karon muna da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar awa guda da 'yan mintoci daga Funtuwa, da takwararta ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato wadda ta daɗe tana aiki a kan ingantaccen murhu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane mai janareta ya koyi lissafin lita, saboda haka yayyenmu da ke ma'aikatu ba za su sha wuyar fahimtar da shugabanninsu darajar zafin da ke zubewa ba.

Shawarar da muka zo da ita ƙarama ce, daidai ƙarfin aljihun ɗalibi. Kafin a yi maganar faranti, sai an san zafin. A hutun da ke tafe, mu da muka fito daga Funtuwa da Malumfashi da Ƙafur da Bakori mu rabu gida-gida, kowane rukuni ya ari ma'aunin zafi daga sashensa, wanda shi kansa da dabarar Seebeck yake aiki. A nemi izinin mai tanda da mai shayi da mai turara shinkafa, a auna bangon murhu daga hurawa zuwa mutuwar wuta, kowane minti goma sha biyar, a rubuta nauyin itacen da aka ƙona da awoyin da wutar ta yi. Rukuni ɗaya kuma ya haɗa kuɗi ya sayi faranti biyu ko uku, ya zauna da magina tukwane a gwada murhun nan mai aljihun ruwa, in faranti ya ƙone a rubuta a digiri nawa ya ƙone. In mun dawo sai mu tattara alkaluman mu miƙa wa editan wannan mujalla.

Shugaba, mun ga kana duban agogo. Nan za mu dakata, sauran lokacin kuma na masu tambaya ne.